In An Karɓe Kwalba, Me Za A Sa A Hannu?

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. Maganar shaye-shaye ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An yi ta a rediyo, an yi ta a majami'u da masallatai, an yi ta a taron iyaye da malamai, har ta kai in an fara ta, yara su kan san inda za a ƙare. Amma duk maganar da a ke yi iri biyu ce: ko dai a ce wa yaro kada ya fara, ko kuwa a ce wa wanda ya fara ya bari. Ban cika jin an tsaya an tambayi abin da zai faru kashegari ba, watau ran da mutum ya ji gargaɗin, ya ajiye kwalbar, ya wayi gari ba kome a hannunsa. Ni kuwa a ganina wannan rana ita ce mai wuya. Ra'ayina shi ne, duk wanda aka karɓe wa kwalba ko ƙwaya, lalle ne a sa masa wani abu a hannun nan, kuma cikin abubuwan da suka fi dacewa akwai ganga, da yumɓu, da fenti, da alƙalami.

Bari mu fara duba girman abin, don kada wani ya ce ina kambama ƙaramar magana. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, sun yi bincike a dukan Nijeriya. Suka samu mutum miliyan 14.3 daga masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Watau kusan mutum 1 ke nan cikin kowane 7. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba da izinin likita ba sun kai miliyan 4.6, kuma cikin kowane mutum 4 masu shan, 1 mace ce. A watan Mayu na wannan shekara ne Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da BBC ta nuna wani fim a kan ɓarnar da ya ke yi wa samari da 'yan mata.

Wannan lissafi ba na Ikko da Kano kaɗai ba ne. Duk wanda ya bi ta tashoshin mota na Kafanchan da magariba, ko ya zaga bayan kasuwa a Zonkwa ko Kwoi ko Kachia ran da ta ci, ya san akwai rabonmu a ciki. Kakanninmu sun san burukutu, amma sun san lokacinta, sun san kuma wanda ya isa ya sha. Ana kawo ta ran gayya ko bayan girbi, a gaban manya. Yau kuwa barasa mai ƙarfi ta shiga 'yar leda da 'yar kwalba, ƙwaya ta shiga aljihun ɗan makaranta, ba dattijon da ke gani balle ya tsawata.

To, a ce Allah ya taimaki saurayi ya yi niyyar bari. Me ke gabansa? Masana sun bayyana cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da a ke kira dofamin, wanda ke sa mutum ya yi marmarin abu ya kuma koma gare shi. Abinci mai daɗi, da wasa, da yabo, duk su kan motsa shi daidai gwargwado. Kayan maye kuwa su kan kwararo shi kamar ruwan Agusta, har ƙwaƙwalwa ta saba, ta daina jin daɗin ƙananan abubuwa. Saboda haka in mutum ya bari, sai ya yi makonni, wani lokaci watanni, abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi, barci ba ya zuwa. Ga kuma sa'o'in da dā ya ke ɓatarwa wajen neman kuɗin ƙwaya, da saye, da sha, da farfaɗowa, duk sun dawo masa fanko. Abokan shansa dole ya rabu da su, mutanen kirki kuwa ba su yarda da shi ba tukuna. Shi ya sa masu binciken wannan ciwo a Amurka suka ce daga kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani su kan sake komawa. Wannan ba taurin kai kaɗai ba ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon nan ita ce zaman banza da kaɗaici da kunya.

Mu kuwa me mu ke yi wa irin wannan mutum? Galibi abu uku: faɗa, gori, ko ɗauri. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan horo a unguwar Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa. Kada kuwa wani ya nuna wa wani yatsa, gama binciken da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a wannan shekara ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a wurare iri-iri a ƙasar nan, na gwamnati da na masu maganin gargajiya da na addinai duka biyu. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Amma mari ƙafa ya ke riƙewa, ba ya koya wa zuciya son wani abu sabo. Ran da aka kwance, mutum zai fito da tsohuwar ƙishirwarsa, da sabon haushi a kai.

Yanzu bari in faɗi abin da na ke gani aikin fasaha ke yi wa mai murmurewa. Na farko, yana cinye lokaci, kuma yana neman mutum dukansa. Mai ginin tukunya ba shi da damar tunanin wani abu sa'ad da bakin tukunya ke hannunsa, in ya yi sakaci ta karkace. Mai koyon ganga dole kunnensa ya kasance wurin sauran makaɗa. An san kuma sha'awar ƙwaya ta kan taso ne kamar hadari, ta yi ƙarfi, in ba a biya mata ba ta lafa. Wanda hannunsa ke cikin yumɓu ya fi wanda ke zaune a gindin mangwaro damar jira har ta wuce.

Na biyu, yana koya wa mutum daɗin da ke zuwa sannu. Ƙwaya ta kan biya nan take, sa'an nan ta karɓi bashinta da riba. Saƙa da sassaƙa da waƙa kuwa sai an sha wuya tukuna a ga amfani, amma abin da aka samu ba ya gudu da safe. Wanda ya yi kwana 10 yana sassaƙa turmi, ran da ya gama zai iya ɗaga shi ya ce, ni na yi wannan. Mutumin da ya shekara yana jin ba abin da ya iya sai ɓarna, wannan magana ba ƙarama ba ce a bakinsa.

Na uku, yana ba shi hanyar faɗin abin da baki ya kasa. Mu a nan Kudancin Kaduna mun san tashin hankali. Akwai samari da yawa da suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, suka rasa iyaye ko gida ko gona, kuma al'adarmu ta ce namiji ba ya kuka. Waɗansu ba don nishaɗi suka fara sha ba, don su sami barci ne. In ka zaunar da irin wannan ka ce ya faɗa maka damuwarsa, sai ya sunkuyar da kai. Amma ba shi takarda da gawayi, ko ka sa shi ya fito a matsayin wani cikin wasan kwaikwayo, sai ka ga abin ya fito ta wata ƙofa.

Na huɗu, yana sāke masa suna da abokai. A garuruwanmu suna ya fi tabo wuyar gogewa. In an saba ce wa mutum ɗan ƙwaya, ko ya shekara bai sha ba, haka za a riƙa nuna shi. Sai fa in ya sami wani sunan da ya danne wancan, a ce mai gangar nan, ko mai zanen nan. Na ga haka da idona lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar ƙauye. Akwai wani saurayi da ya dawo daga asibiti, kowa na gudunsa. Hedimasta ya rasa mai zana taswirar Nijeriya da sassan jikin mutum a bangon azuzuwa, aka ce ai wannan ya iya zane tun yana yaro. Aka saya masa fenti. Ya yi mako 3 yana aikin, yara na kewaye da shi, suna miƙa masa buroshi. Kafin in bar garin na ji yara na kiransa malamin zane, masu shaguna kuma sun fara nemansa ya rubuta musu allon shago. Ban ce fenti ne ya warkar da shi ba, gama yana shan maganin da likita ya ba shi, uwarsa kuma tana tsaye a kansa. Amma fentin ne ya ba shi dalilin tashi da sassafe.

Wannan dabara ba ni na ƙago ta ba. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya kwanta jinyar tarin fuka, ya ga zane na rage masa nauyin kwanciya, sai ya shiga koya wa sauran majinyata. Shi ne a 1942 ya fara kiran abin da sunan jinya ta hanyar fasaha. A ƙasarmu ma, a farkon shekarun 1950, wani malami haifaffen Jamus, Ulli Beier, ya riƙa kai takarda da fenti wa masu taɓin hankali da ke tsare a gidan Lantoro a Abeokuta, suka yi zane-zanen da daga baya aka buga cikin littafi. A 1954 kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro, inda majinyata ke zaune cikin ƙauyuka tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Ya gane cewa mutum a cikin mutane ya ke warkewa.

A game da shaye-shaye kansa, a 2022 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 21 da aka yi a kan jinya da kiɗa. Suka ga cewa in an haɗa ta da maganin da aka saba yi, da alama tana rage sha'awar abin maye, tana kuma ƙara wa mutum niyyar tsayawa a kan magani. Ga kuma misalin ƙasar Aisland ta fuskar rigakafi. A 1998 kashi 42 cikin 100 na yaransu masu shekara 15 da 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya wuce. Hukuma da iyaye suka haɗa kai, aka hana yara yawon dare, aka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da rawa da zane bayan an tashi makaranta. Zuwa 2016 lissafin ya sauko zuwa kashi 5. Ba wa'azi suka ƙara ba, aikin yi suka ƙara.

Na san akwai masu ja da ni, kuma ya kamata in ba su amsa. Wani zai ce, kai malam, ai makaɗa da mawaƙa su ne sarakunan sha, yaya za ka tura mai jinya cikinsu? Wani saurayi ma zai ƙara da cewa wiwi ne ke buɗe basira. Amsata ita ce, a dubi labarin mutum biyu masu sana'a ɗaya a Amurka, dukansu gwanayen busa ƙahon Turawa da a ke kira saksofon. Charlie Parker bai rabu da ƙwayar hiroyin da barasa ba, ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawarsa ya zaci ya haura 50. John Coltrane kuwa, bayan da shaye-shaye ya sa aka kore shi daga ƙungiyar Miles Davis a 1957, ya daure ya bari, kuma ayyukan da suka ɗaukaka sunansa a duniya bayan nan ya yi su. Ashe basirar tasa ce tun asali, ƙwaya haya kawai ta ke karɓa. Amma na yarda da rabin maganar mai ja. Gwaninta ita kaɗai ba ta tsare kowa, kuma in gangar da aka ba mai murmurewa za ta kai shi gidan giya da dare, gara ba a ba shi ba. Dole a duba inda za a yi kiɗan, da waɗanda za a yi da su, musamman a watannin farko.

Wani kuma zai ce, wannan ai wasan yara ne, ko kuwa al'adar Turawa ce, mu noman citta da dawa muka sani. Wannan magana ta fi ba ni mamaki in ta fito daga bakin ɗan ƙasar nan. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kusa da Kwoi, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan da aka samu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa don tsorata masu ɓarna. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, mutanen da suka zauna a wannan ƙasa da mu ke takawa gwanayen gini da yumɓu ne. Ku ɗauki takardar Naira 20 ku juya bayanta, za ku ga Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ku je Kagoro ran 1 ga Janairu ku ga bikin Afan, ko Kwoi lokacin Tuk Ham, ku ga masu ƙaho da masu ganga da masu rawa. Fasaha ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Mu ne dai, kamar mai gonar doyan nan, mu ke riƙe da dukiya muna korar tsuntsu da ita.

Akwai kuma iyaka da ya wajaba in faɗa a fili, don kada wani ya karanta wannan ya cuci ɗan'uwansa. Ganga ba ta maye gurbin likita. Wanda jikinsa ya saba da barasa ƙwarai, in ya yanke ta rana ɗaya ba tare da kulawa ba, yana iya kamuwa da makyarkyata da jijjiga, har ya rasa ransa. Mai barin tiramadol ko kodin shi ma ya kan sha azabar ciwon jiki da zufa da rashin barci. Irin waɗannan asibiti za a fara kai su, akwai kuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, inda a ke karɓar masu wannan ciwo, hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da masu ba da shawara. Aikin fasaha daga baya ya ke shigowa, ya riƙe abin da likita ya gyara.

To, ina ruwan ɗalibin koyon malanta da duk wannan? Ruwanmu ne ƙwarai. Nan da shekara 1 ko 2 za a watsa mu cikin ƙauyuka, inda ba likitan ƙwaƙwalwa, ba mai ba da shawara, sai malamin makaranta. Gare mu uwa za ta zo da dare ta ce ɗanta ya lalace. Kuma mu faɗi gaskiya, a cikin ɗakunan kwananmu ma akwai waɗanda suka fara da ƙwayar hana barci don jarrabawa, yanzu ta fi ƙarfinsu, suna ɓoyewa don tsoron kora. Saboda haka ina da shawarwari 4, ba kuwa masu cin kuɗi da yawa ba.

Ta farko, a keɓe ɗaki guda a kwaleji da zai kasance a buɗe daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na dare, lokacin da zaman banza ya fi haɗari, a ajiye ganguna da yumɓu da takarda da fenti, kowa ya shiga. Kada a rubuta a ƙofa cewa na masu shaye-shaye ne, gama in an rubuta ba wanda zai shiga. Ta biyu, a riƙa gayyato gwanayen gari, mata masu ginin tukwane, da masu saƙar tabarma da kwando, da tsofaffin makaɗa, su koya mana, a kuwa biya su ladansu. Ta uku, ɗalibin da ya kawo kansa ya ce yana neman taimako, a bambanta shi da mai sayarwa, a haɗa shi da asibiti, a rufa masa asiri, a ajiye masa gurbinsa. Ta huɗu tamu ce mu ɗalibai: in mun kama aiki, kada mu mai da darasin al'adu da fasaha lokacin shara ko na cike gurbin lissafi, kamar yadda a ke yi a makarantu da yawa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya gano tun yana aji 4 cewa hannunsa ya iya wani abu, ya sami abin da zai koma gare shi ran da duniya ta yi masa zafi.

Ga masu rubutu a wannan shafi kuma ina da roƙo. Waƙoƙin gargaɗi a kan mashaya muna da su tun zamanin Mu'azu Haɗeja, sun kuwa yi amfani. Abin da ya rage shi ne mu ji daga bakin wanda ya shiga ramin ya fito. In ɗayansu ya kawo waƙa ko labari, ko ba da sunansa ba, a ba shi fili.

'Yan'uwa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗannan samari da 'yan mata ƙannenmu ne, waɗansu abokan karatunmu ne, gobe kuma 'ya'yansu ne za su zauna a gabanmu cikin aji. Wanda ya yi ƙarfin halin ajiye kwalba ya yi nasa. Saura namu, mu da muka ce ya ajiye. Ina fata Shugaban kwaleji da malamanmu za su dubi waɗannan shawarwari, wanda kuma ya ke da ra'ayi dabam ya rubuto a fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna. Allah ya ba masu jinya lafiya, ya ba mu haƙurin tsayawa tare da su.